Hanyar da Muka Auna a Ƙarƙashin Ruwa

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ba gudu za su yi ba. Jiya ina alwala a bayan tagar can na ji ɗayanku yana cewa, "Wai wannan ne aikin? A ɗauko hoton tauraron ɗan adam, a bi shi da layi, a ce an zana hanya?" Ban ga fuskarsa ba, kuma ba na neman in sani. Ni ma da a gyare na tarar da aikin kamar yadda kuka tarar, ƙila abin da zan faɗa ke nan. Amma tunda Alhaji Manu mai makarantar nan ya ce in koya muku, bari in fara gaya muku inda aka fito, don ku daina yi wa rogo kallon kitse.

Sunana Arzika. A Yelwa sai kun ce Arzika Mai Awo za a nuna muku gidana. Sana'ata ita ce in rubuta hanya yadda na'urar koyon tuƙi za ta gane ta, wato kujerar can mai sitiyari da giya da allo a gaba, wadda mutanen gari suka raɗa wa suna motar ɗaki. Ba ta shan mai, ba ta taka akuyar kowa. Sai dai ba ta san hanya ba sai an gaya mata, kuma ba ta jin kwatance irin namu na "ka miƙe, in ka ga kuka ka karya dama." Tsawo take so, da faɗi, da tudu, da gangare, kowanne da lambarsa.

Aikina na farko wata kwalbati ce a hanyar Shanga, ina saurayi ko gemu babu. Ubangidana Malam Ɗan'ige safiyo ne, wato mai awon ƙasa, gajeren mutum mai faɗa kamar zakara, Allah ya jiƙansa. Ni ke riƙe sandar awo cikin rana, shi yana can nesa ya kafa ido a na'urarsa mai ƙafa uku yana ƙwala mini kira: "Arzika! Sandar ce ke rawa ko kai?" Kayan aikinmu tef ne da sanda da turaku da guduma, sai kuma buta. Kada ku yi dariya, butar nan ta fi rabin kayan amfani. In muka zo kwana, sai ya tsiyaya ruwa a tsakiyar hanya mu tsuguna mu ga inda zai bi. Ya kan ce ido na ruɗin mutum, amma ruwa bai taɓa hawa tudu don ya faranta wa safiyo rai ba. Kuma bai yarda a buɗe tef a hanyar da ba a taka ta da ƙafa ba. Har yau akwai buta a jakata.

Na yi shekaru ina awon hanya har na ajiye aiki, ina cewa shi ke nan, sai gona da jikoki. Ana nan Alhaji Manu ya sayo motar ɗaki daga wani kamfani a kudu, ya kira mutane kallo. Babban malamin tuƙinsa a lokacin Baba Gado ne, tsohon direban lori, wanda rabin direbobin tashar Yelwa a hannunsa suka koya. Shi aka fara ɗorawa. Hanyoyin da na'urar ta zo da su na ƙasar Turawa ne: kwalta sumul, gada bisa gada, ko kaza babu. Baba ya tuƙa, ya tuƙa, ya kashe mota, ya juyo.

"Alhaji," ya ce, "wagga hanya, mutanen garin duk sun mutu na? Ba rami, ba kabu-kabu, ba mai tallan hura. Yaron da ya koyi tuƙi nan, ran kasuwar Yelwa sai dai a kwaso shi cikin rumfar masu kifi."

Aka yi ta dariya, amma Alhaji bai yi ba, don ya san gaskiya ce. Na'urar tana da wurin da mutum zai zana tasa hanyar, muddin ɗan makullinta na jikinta, wani abu kamar yatsa da ake cusawa ta baya. Wani saurayi daga kamfanin ya zo ya nuna mini 'yan kwanaki ya koma. Haka na tsinci kaina a wannan sana'a da furfurata.

Hanyar da na fara rubutawa ita ce daga tasha zuwa bakin kasuwa, kuma a kanta zan nuna muku ƙashin bayan aikin. Kowace hanya tana da igiya guda a tsakiyarta, ita ake fara shimfiɗawa. Igiyar nan iri uku ce: miƙaƙƙiya, da lanƙwasa mai tafiya daidai kamar bakin kwano, da wadda ke ƙara matsewa a hankali. Ta ukun ita ce hoto ba ya nuna muku. Babu direban da ke fizgar sitiyari lokaci guda, a hankali hannu ke juyawa, don haka kwana ma a hankali take shiga. Bayan igiya sai ka rataya mata layuka hagu da dama, ka ba kowanne faɗinsa, ka gaya mata inda ta hau da inda ta sauka da inda ta karkata. Sannan gaɓa da gaɓa dole su haɗu baki da baki. In ka bar tazara ko ta ɗan yatsa, mota na isa wurin sai ta faɗa cikin duhu. Duk mai wannan sana'a ya taɓa jefa mutum a ramin nan. Wata malamar makaranta da ta faɗa nata, salatin da ta saka har masu faci a waje sun jiyo.

Masu ɗauko kifi daga bakin ruwa wajen Wara su ne suka fi ba ni wuya, kuma su suka fi koya mini. Sun ce a yi musu hanyar da yaransu za su saba da ita kafin a ba su mota. To ku da kuke son hoto, wace hanya za ku bi da layi? Biyu ce. In tafki ya janye, ta cikin fadama ake yankewa, ga sawun taya nan raɗau. In baƙin ruwa ya iso daga sama da rani, lokacin da ko gajimare babu, wurin nan jirgin ruwa ke bi, motoci sai su zagaya ta tudu. Hoto sau ɗaya aka ɗauke shi, kuma ba zai gaya maka a wane wata ba. Sai da na rubuta musu duka biyun.

Akwai kuma wani Bafulatani, Buba, da ya zo koyon tuƙi don ya riƙa kai nono gari. Ya hau hanyar Shanga da na yi alfahari da ita, ya sauko yana girgiza kai. "Malam, ina shanu?" Na sa masa garke yana tsallakawa a jere. Ya ce a'a, waɗannan sojoji ne. Shanu ba su kashe direba, in ji shi, ɗan maraƙin ƙarshe ne, wanda ya riga ya tsallaka sannan ya tuna da wani abu ya juyo. Na sa maraƙin. Yana nan har yau, kuma kowannenku zai buge shi a satin farko.

Daga nan muka kafa ƙa'ida ni da Baba Gado: ba a rufe hanya sai direban da ya san ta ya tuƙa ta a na'ura ya shaida. Galibi shi ne shaidar. Magana biyu gare shi. In ya ce "ta cika," in rufe. In ya ce "da saura," in ɗauki buta in koma.

Wata rana bayan la'asar, ɗalibai sun watse, ya jawo benci kusa da ni. Ya nuna allo da haɓa.

"Arzika, wanga abu naka, shina iya hanyar da babu?"

Na ce wace iri ce hanyar da babu? Ya ce ta garinsu, Tungar Marke. Garin na ƙarƙashin tafki tun da aka tare ruwa a Kainji aka kwashe mutane zuwa tudu. A hanyar ya fara tuƙin lori yana saurayi, yana kai busasshen kifi da albasa Yelwa. Innarsa ta rasu ana gab da tashi, can aka binne ta, kuma tun ranar da ruwa ya rufe wurin bai sake ganin ƙofar garin ba. "Masunta na jefa taru bisa kabarinta," ya ce. "Ni ba wani abu nika so ba. In tuƙa in isa, shi ke nan." Mutumin nan bai taɓa roƙona ko goro ba. Na ce Baba, in Allah ya yarda za ka isa.

To ku gaya mini, ina za ka kafa sanda a ƙasan tafki? Da giya muka auna ta. Sai ya rufe ido ya ce daga mararraba giya uku ake tafiya har Kwanar Mai Daddawa, daga nan a sauko biyu, lodi na ja baya. Ya ce ga wani tudu da in an yi lodin albasa yaron mota ke dirowa ya bi lori da waigi, itacen nan da ake tokare taya da shi. Ni kuwa na san tudun da ke sa lori mai bodin katako ta nemi waigi, sai in mayar da shi lamba. Ba mu rubuta komai a takarda ba, don babu abin da aka auna da tef. Kai tsaye muke yi a cikin na'ura, shi a sitiyari yana cewa ƙara, rage, ni ina gyarawa. Damina ta wuce, rani ya wuce, hanya ta yi kyau har da wata tsamiya a wani matsatsi kusa da gari. Amma duk lokacin da ya iso tsamiyar sai motar ta fara yawo, na'ura ta hau yi masa kuka wai ya bar hannunsa, shi kuma ya taka birki.

"Da saura."

"Me ya rage, Baba?"

"Ban sani ba. Komi na nan, amma ba ita ta ba. Ba ni shiga garinmu ina baƙo."

Na faɗaɗa matsatsin, na rage shi, na matsar da tsamiyar, na mayar da ita. Da saura.

Ana cikin haka muguwar shekara ta zo. Hadarin farkon damina ne, tsawa ta faɗo a unguwar, wuta ta biyo waya ta ƙone motar ɗaki har da ɗan makullin da ke jikinta. Da farko ban damu sosai ba, don duk hanyoyina na kwafe su a filash, yana aljihuna. Muka kai wa mai gyaran kwamfuta, ya buɗe, sai wasu tarkacen alamu kamar sawun kaji. Ya ce wannan rubutu na'urar kamfanin kaɗai ke karanta shi, ita ma sai da makullinta. Aka kira kamfani, waya ba ta shiga. Alhaji ya hau mota ya tafi har can, ya tarar ana sayar da tayil a shagon. Kun ji zanen aro da ba ya rufe katara. Ni na taka hanyoyin da ƙafata, ni na sha rana, ga su a tafin hannuna, amma ba nawa ba ne. Ranar na ji haushi irin wanda ban taɓa ji ba a wurin aiki.

Ɗalibai suka ragu, ni na koma awon gonaki da filaye, inda kowa ke ganin ka ci masa taku guda. Wannan duk mai sauƙi ne. Kafin kaka Baba Gado ya faɗi a masallaci, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya tashi, amma hannun dama ya mutu, magana ta yi nauyi. Hanyar kasuwa da ta Shanga da ta Wara suna nan a ƙasa, ko yaushe zan iya komawa in sake aunawa. Ta Tungar Marke kuwa wuri biyu take a duniya: cikin filash da ba ya buɗuwa, da cikin kan tsohon da ke kwance. In na je gaishe shi, da ido yake tambayata, ni kuma in yi ta zancen farashin gero.

Wadda ta fitar da mu Rabi ce, ɗiyar Alhaji Manu, wadda kuke kira Anti Rabi kuna tsoro. Lokacin ta dawo daga karatun kwamfuta. Ta aiko a kira ni, ta juyo mini da allon kwamfutarta ta ce, "Baba Arzika, karanta mini wannan." Na ce ɗiyata, ni da na ga sawun kaji ai na ƙoshi. Ta ce dai in duba. Na sa tabarau. Wallahi sai ga tsawo, ga faɗi, ga lanƙwasa, ga gangare, rubutu zalla, layi bayan layi, kamar yadda Malam Ɗan'ige zai faɗa da baki. Ko ba na jin Turanci sosai, lambobin sun san ni na san su.

Ta ce wannan shi ake kira buɗaɗɗen tsari. Masu ƙera irin waɗannan na'urori da yawa ne suka zauna suka yarda da hanya ɗaya ta rubuta titi, suka wallafa ƙa'idar kowa ya gani. Ba makulli. Duk na'urar da ta san ƙa'idar za ta karanta abin da ka rubuta, in wannan ta mutu ka ɗauka ka kai wa waccan. Na ce to su me suka ci da suka bar shi a buɗe? Ta ce su ma sun gaji da sake zana hanya ɗaya duk lokacin da suka canza na'ura. Na ce ashe ba ni kaɗai tsawa ta taɓa faɗa wa ba. Ban san mutanen nan ba, ba su san da Yelwa ba, amma ina sa musu albarka.

Da kwamfuta ta kasuwa da tsohuwar kujerar da sabon sitiyari ta haɗa wata motar ɗakin, mai walda ya yi mata ƙafafu, aka sa sola. Ni kuma na sake zama yaron wani, wannan karon yaron yarinyar da autata ta girma. Ta fi Malam Ɗan'ige ladabi, amma ba ta fi shi sauƙi ba. "Baba, ka manta ka gaya wa hanyar nan wadda ke gabanta." A wannan tsari kowace hanya sai ta san wadda ta fito daga gare ta da wadda za ta shiga, kamar mai faɗin asalinsa, in ba haka ba mota ta zo mararraba ta tsaya kamar baƙo. Abin da ya fi yi mini daɗi, akwai wurin da za ka sa naka bayanin, don haka kowace kwana ta samu sunan da direbobi ke kiranta da shi.

Da na ɗan iya, na ce wa Alhaji da hanyar kasuwa zan fara, tunda ita ke kawo ɗalibai. Ya ce, "A'a. Fara da ta Baba Gado. Kasuwa za ta jira mu, shi ban sani ba." Allah ya saka wa Alhaji, makaranta na neman durƙushewa ya faɗi wannan magana.

Kullum da hantsi sai mu tafi gidan Baba ni da Rabi. A fito da shi inuwa a jingina shi da bango, ya rufe ido ya kama hanya, kalma ɗaya sai an jira ta biyu. Rabi na bugawa, ni ina mayar da giya lamba. Wata rana ya yi nisa, wata rana tun kafin Kwanar Mai Daddawa barci ya ɗauke shi, mu tattara mu tafi. Na lura in yana faɗa, hannunsa na hagu na canza giya a iska. Ban kawo komai a raina ba, na ce ai na daman ne ya mutu.

Sai ranar da muka iso matsatsin. Ido a rufe, ya leƙa da kansa ta dama kamar mai duba taya ta taga, ya ce, "Nan in kun gamu da wata lori, sai ka lahe ga tsamiya ta wuce."

Na ce, "Baba, tsamiya ai a hagu take."

"To da ina za ta zama?"

"In ka gamu da mota, hagu za ka matsa?"

Ya buɗe ido ya dube ni. Ni ma na dube shi. La ilaha illallahu! Canjin hannu! Ruwa ya ci Tungar Marke tun ana tuƙi ta hagu, kafin ƙasar nan ta koma hannun dama. Hanyar nan ba a taɓa bin ta ta dama ba, ko sau ɗaya. Lorinsa sitiyarinta a dama yake, giya a hannun hagu. Ni ina ƙaramin yaro aka yi canjin, ban taɓa tuƙi ta hagu ba. Shi kuma ya shekara aru-aru yana yi wa ɗalibai tsawa "riƙe damanka," har ya zama in ya zauna a kujerar makaranta dama yake bi ko yana barci. Jikinsa na jan shi wajen tsamiya, na'ura na yi masa kuka, shi yana ganin hanyar ce ba daidai ba. Baba ya yi wata dariya da rabin baki har da tari. "Munka yi shekara muna matsar da itace," ya ce, "ashe mu na ba mu zauna daidai ba."

Na juya wurin Rabi da sauri, don a tsohuwar na'ura ban taɓa ganin inda ake canza hannu ba, yadda kamfani ya ɗaure ta haka take. Na ce ɗiyata, sai mun sake daga farko? Ta gangara cikin rubutun ta nuna mini da yatsa. A kan kowace hanya akwai wurin da ake faɗin hannun da ake bi. Ta goge dama ta sa hagu. Shi ke nan. Sauran aikin na mai walda ne, ya cire giya ya mayar da ita hagun kujera, Rabi kuma ta matsar da mazaunin direba zuwa dama a cikin allo.

Ranar da aka kawo shi, da safe ne, a motar Alhaji. Labari ya riga ya kai sabuwar Tunga, sai ga tsofaffi maza da mata sun cika ɗakin nan, wasu a tsaye a taga. Muka ɗaga shi muka zaunar. Ni na ɗora masa mataccen hannun bisa sitiyari. Na hagun kuwa bai jira kowa ba, ya sauka kan giya ko dubawa bai yi ba.

Ya tashi mota. Yana tafe yana kiran sunayen wurare, tsofaffin na amsawa daga baya. "Mai Daddawa." "Ita ce!" A tudun waigi wani tsoho ya ce a nan ya taɓa dirowa ya ƙarasa da ƙafa. Aka doshi matsatsin. Ga lorin da Rabi ta sa tana tahowa. Baba ya sauko giya biyu, ya lafe a jikin tsamiya, lorin ta wuce ta damansa, har ya ɗaga mata haɓa yadda direbobi ke gaisawa. Na'ura ba ta yi kuka ba. Bai taka birki ba.

Garin da muka yi masa ba wani abin kallo ba ne, 'yan akwatuna ne a madadin ɗakuna, sai marke guda a ƙofar gari. Ya gangara a hankali ya tsaya a gindinsa. Ya danna oda, wato hon, dogo ɗaya, gajere ɗaya. Ya kashe mota.

"In Inna ta ji wanga oda," ya ce, "sai ta aza tukunya."

Ya zauna yana kallon allo. Can ya gyara murya ya ce, "Salamu alaikum." Ba da mu yake ba, kowa ya sani. Amma wata tsohuwa a bayana ta amsa masa da ƙarfi, "Wa alaikumus salam, Gado, sannu da hanya," sai ɗakin duka ya ɗauka. Ni dai na yi hawaye, ba na ɓoye muku. Ya juyo da ƙyar ya neme ni da ido.

"Arzika. Ta cika."

Bai ga damina ta gaba ba, Allah ya jiƙansa da rahama, ya haɗa shi da innarsa a inda ruwa ba ya ci. Tun daga lokacin an canza kwamfutar can, an canza sitiyari, kujerar ma ba ita ba ce. Hanyar na nan yadda ya bar ta. Tana cikin wayar jikokinsa, tana wurin Rabi, tana wurina, kuma duk ɗan Tunga da ya zo nema kwafa masa muke yi. Sauran hanyoyin duk na sake taka su na sake rubutawa, ɗalibai suka dawo, ga shi har an ɗauko ku. Alhamdu lillahi. Na yi iyayen gida biyu a sana'a, ɗaya ya ba ni buta, ɗaya ta ba ni rubutun da ba a kulle shi, kuma ban san wanda zan fi gode wa ba.

Gobe kowa ya zo da takalmin da zai iya tafiya da shi, za mu taka daga tasha zuwa kasuwa kafin wani ya taɓa kwamfuta. Yau kuwa tuƙi za ku yi, ɗaya bayan ɗaya, a hanyar da babu hoton da zai nuna muku ita. Wanda ya yi maganar jiya shi zai fara, ko ban san shi ba ya san kansa. Taso, kada ka ji kunya. Ka riƙe hagunka. In ka isa gindin marke, ka yi oda kafin ka kashe mota, dogo ɗaya, gajere ɗaya. Ba a shiga garin mutane ba sallama.